Ƙanƙara a Fulas

Ran kasuwar Gujungu na ari fulas ɗin Malam,
na tuttular da guntun shayi, na ɗauraye,
na sayi ƙanƙarar ɗari biyu gun mai zoɓo.
Kwalbar da ta fito da ni daga gida
ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba.
Lasota, in ji takardar jikinta. Ta kaji ɗari biyu.
Na kwantar da ita cikin sanyi, na murɗe murfi,
na rungume fulas a bayan babur
har muka wuce Taura, har ƙofar gida.

Tanimu ma shagon ya shiga, irin kwalbata ya saya.
Tasa aljihun gaba ta samu.
Ya tsaya tayin bijimin da ba zai saya ba,
ya ci awara, ya yi azahar, ya ji labarin taki,
rana kuwa tana ta gasa masa ƙirji.

Da asuba na ɗauke wa tsakina ruwa.
Awa biyu bakuna ɗari biyu suna ƙarata,
ni ina zaune kan turmi, na toshe kunne da mayafi.
Sai da ƙishi ya nuna
na jawo ruwan rijiya, ba na famfo ba,
na kaɗa madarar gari,
na nutsa kwalbar, na buɗe ta a ƙarƙashin ruwa.
Suka yi caa a kan mazubi.
Wata gurguwa ta kasa kutsawa,
na ɗauke ta, na tsoma mata baki da hannuna.

Shi ke nan fa.
Rigakafi ba ya guɗa in ya kama aiki.
Ka biya kuɗi, ka sayi shiru,
ka koma kwasar ɓuntu da auna dusa.

Suna da kwana ashirin da tara fakat ta shigo gari.
Zakaran Inna Yahanasu ta fara yi wa sallama,
aka wayi gari wuyansa ya murɗe, yana kallon sama
kamar mai neman wata.
Kwana uku, ta tsallaka dangar Tanimu.
Koren kashi, tari, fukafukai a ƙasa.
Baro biyu ya tura bayan gari ran Talata,
ran Laraba ya daina ƙirgawa.

Ya tsaya a bakin zaurenmu, muryarsa na rawa:
"Ruwa suka sayar mana, Tasalla. Ruwa zalla!"
Ban tanka ba.
Bara ni ma a taga na ajiye tawa, na shiga daka,
na binne tamanin da hannun nan.
Abin da ke cikin kwalbar rai gare shi,
zafi na kashe shi,
kuma gawarsa ba ta wari, ba ta sauya kala.
Sai ka shayar da mushe kana ta godiya.

Ni ma ban fita fes ba, kada a yi mini ƙarya.
Tara na rasa, har da gurguwar.
Na kafa roba da ruwan magani a ƙofar keji,
kowa ya tsoma ƙafa ko ya koma,
Malam da kansa sai da ya tuɓe takalmi.
Kullum dare ina bin su da tocila,
ina sauraren ƙirji ɗaya bayan ɗaya.

Ɗari da casa'in da ɗaya suka hau sikeli.
Sabo da kaza bai hana yanka ba,
amma wuƙa daban, annoba daban:
ɗaya ta biya kuɗin makarantar Saratu.

Jiya Tanimu ya wanke kejinsa, ya zuba sabbin tsaki hamsin.
Yau da sassafe ya turo ƙaramin ɗansa,
wai a ba shi aron fulas.
Malam ya dubi kofinsa, ya dube ni,
ya shanye shayinsa da ɗumi-ɗumi,
ya miƙa.